Yadda ake zagaya Tafkin Malawi da motar haya, kai ne direba

Tafkin Malawi dogo ne siriri. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa ya kusa kilomita 580, faɗinsa kuwa bai wuce 75 ba a inda ya fi buɗewa, zurfinsa a can arewa ya kai mita 700. Shi ne na uku a girma a Afirka, bayan Biktoriya da Tanganyika. Ƙasashe uku ne ke bakinsa, Malawi da Mozambik da Tanzaniya, amma gaɓar yamma, wadda kwalta ke bi kusa da ruwa, ta Malawi ce. Wannan ya sa mutum zai iya hayar mota a Lilongwe, babban birnin ƙasar, ya gangara bakin ruwa ta kudu, ya bi gaɓa har arewa, sannan ya komo ta kan tudu ba tare da ya maimaita hanya ba sai kaɗan. Na yi wannan zagaye, kuma abin da zan faɗa maka tun yanzu shi ne, sauri ne ke ɓata shi. Wanda ya ɗauki taswira ya ƙirga kilomita ya ce ai wannan tafiyar awa uku ce, da magariba zai isa, idan ma ya isa lafiya.

Fara da zaɓen lokaci. Daminarsu takan kama daga wajen Nuwamba ko Disamba har Afrilu, ranin kuma daga Mayu zuwa Oktoba, wato lokacin da mu muke cikin damina su suna cikin bushewa. Da damina rafuka masu gangarowa daga duwatsu kan cinye gada ko kwalbati a hanyar bakin tafki, sai ka tarar an karkatar da motoci ta cikin laka. Daga Yuni zuwa Agusta akwai wata iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas da suke kira mwera, tana tayar da igiyar ruwa har masunta su ƙi fita. Oktoba zafi ne sosai a bakin ruwa. Ni dai Mayu ko Satumba na fi so. Ka ware mako biyu. Idan mako ɗaya kawai kake da shi, ka tsaya a kudu, ka bar arewa sai wani jiƙon.

Maganar takardu ba ta da tsawo: fasfo, biza wadda ake nema ta intanet kafin a tashi, lasin tuƙinka na gida tare da na ƙasa da ƙasa, da katin rigakafin cutar shawara, domin wanda ya taso daga Najeriya ko Nijar za a iya tambayarsa tun a filin jirgi. Jiragen da ke kai mutum Lilongwe daga ɓangarenmu yawanci ta Adis Ababa ko Nairobi suke bi. Kafin ka tashi ka ga likita ya rubuta maka maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Kada ka ce ai mu da sauro mun saba. Zazzaɓi a ƙauyen da babu asibiti kusa, kuma kai ne mai tuƙi, ba abin wasa ba ne.

Sai motar. Ba lallai sai ƙatuwar jif ba, amma ka nemi mai tsayin ƙasa, wadda rami ba zai daki cikinta ba. Idan kana da niyyar hawa Livingstonia, tsohuwar mishan da ke kan dutse a arewa, to a nan kam sai mai jan ƙafa huɗu. Kada ka sa hannu a takarda sai ka zagaya motar da ma'aikacin kamfanin, ka ɗauki hoton duk wata ƙwarzana da lotsewa. Ka sa a fito da tayar ajiya ka danna ta da hannunka, ka ga jak da sifanar kwance taya, ka tabbatar akwai alamomin nan masu kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in mota ta lalace, saboda 'yan sanda kan tambaye su a shinge. Ka tambaya dalla-dalla: inshorar ta haɗa da taya da gilashi? Kilomita nawa aka yarda ka ci a rana kafin a fara ƙirga maka ƙarin kuɗi? Wasu kamfanonin da kilomita suke lissafi, kuma zagayen nan ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Ka karɓi lambar wanda za ka kira in ta tsaya maka a daji. A filin jirgin kuma ka sayi layin waya, na Airtel ko TNM, ka sauke taswirar ƙasar a wayarka yadda za ta yi aiki ko babu sabis.

A Malawi ta hagu ake tuƙi. Sitiyari yana dama, giya da hannun hagu ake sa ta. Dattawanmu da suka riƙe mota kafin 1972, shekarar da Najeriya ta koma dama, za su ce ai wannan tsohon karatu ne. Ga sauranmu kuwa sai an sake koyo. Dabarar da ta fi amfani ita ce ka riƙe a ranka cewa kai direba kullum kana ɓangaren tsakiyar titi, fasinjanka ne ke ɓangaren daji. A shataletale, wanda Lilongwe ke da su birjik, ta hagu ake shiga, kuma wanda ya taho daga damanka shi ke da hanya. Cikin gari ba a cika rikicewa ba, domin kana bin na gabanka. Haɗarin yana inda titi ya zama fayau: ka tsaya ka sha mai ko ka yi salla, ka tada mota, hannu ya koma abin da ya saba. In kuna da yawa a motar, ka ɗora wa na kusa da kai aikin cewa "hagu" duk lokacin da za a hau kwalta. Ka kwana ɗaya a Lilongwe kafin ka kama hanya, kada ka sauka daga jirgi da gajiya ka faɗa titi.

Abu biyu za ka tanada kafin ka bar birni, mai da kuɗi. Tun daga 2022 ƙasar ta sha fama da ƙarancin fetur da dizal saboda ƙarancin kuɗin waje, wani lokaci layin motoci ya yi ta kwana a gidan mai. Don haka duk inda ka ga ana sayarwa kuma tankinka ya kusa rabi, ka tsaya ka cika, ko da ka sha ɗazu. Kuɗinsu kwacha ne, kuma a Nuwamban 2023 an karya darajarsa da kashi 44 cikin ɗari a tashi ɗaya, saboda haka duk farashin da wani ya faɗa maka daga tsohuwar tafiyarsa, ka saurara kawai. Ka ciri isasshen kuɗi a birni, domin a ƙauyukan bakin ruwa na'urar cirar kuɗi ba ta da tabbas, ka kuma nemi ƙananan takardu don kasuwa da kuɗin hanya.

Ranar tashi, ka yi asubanci. Ka kama babbar hanyar M1 ka nufi kudu zuwa Dedza, gari mai sanyi a kan tudu, inda ake yin tukwane da kofunan yumɓu masu kyau. A wannan hanyar za ka ga samari suna ɗaga sanduna da wasu 'yan abubuwa a soke jere. Ɓerayen daji ne dafaffu, abin marmari ne a wurin wasu mutanen ƙasar. Ka ɗaga musu hannu ka wuce. Bayan Dedza kaɗan sai ka saki M1 ka karya hagu, ka kama hanyar Golomoti. Nan ne za ka fara gane abin da ka zo yi. Titin yana gangarawa daga kan tudu zuwa cikin babban kwarin da tafkin ke kwance, kwana bayan kwana, ƙasa tana buɗewa a gabanka har iyakar gani. Ka sa ƙaramar giya mota ta riƙe kanta, kada ka hau birki tun daga sama har ƙasa, zai yi zafi ya daina kamawa. Kana sauka za ka ji iska ta canja, sanyin Dedza ya tafi, ga itatuwan kuka sun fara bayyana.

A ƙasan gangaren, ɗan ratse kaɗan zai kai ka Mua, tsohuwar mishan da aka kafa a 1902, inda cibiyar Kungoni ke ajiye da tarin fuskokin dodanni na rawar Gule Wamkulu ta ƙabilar Chewa, da bayanin al'adun Ngoni da Yao. Ya cancanci awa biyu. Idan kuma ka ci karo da irin waɗannan dodanni a hanya, sanye da tsummoki da gashin tsuntsu, yara na gudu, ka rage gudu ka wuce. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto sai an ba ka izini, ibada ce a wurin masu ita.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk bayanin nan. Titin bakin tafki ba na motoci ba ne su kaɗai, hasali ma motoci ne marasa rinjaye a kansa. Siriri ne, gefensa ya zaizaye, kuma rayuwar ƙauyuka a kansa take gudana. Ga masu haya da keke da suke kira kabaza, da fasinja a zaune a kan matashin da aka ɗaura a baya. Ga mai keke ɗauke da buhun gawayi uku, ko damin itace da ya fi shi tsawo, ko akuya a ɗaure. Ga mata da bokitin ruwa a ka, ga 'yan makaranta jere, ga garin rogo an shanya a bakin kwalta, ga kaji da awaki. Mai keke mai nauyin kaya ba zai iya kauce maka da sauri ba, in ya sauka daga kwalta faɗuwa zai yi. Saboda haka idan babbar mota ta taho ta gabanka kuma ga keke a gefenka, kai ne za ka taka birki ka jira. A cikin garuruwa iyakar gudu kilomita 50 ne a awa, kuma 'yan sanda kan tsaya da na'urar auna gudu a inda ba ka zata ba. In an kama ka, ka biya tara ka karɓi rasit. Ka lissafa tafiyarka a kan kilomita 50 zuwa 60 a awa, duk abin da taswirar waya za ta ce. Dare kuwa, babu shi a lissafi sam. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida, duhu ya rufe nan da nan, kekuna ba fitila, mutane na tafe a kan titi cikin baƙaƙen kaya, ramuka ba sa ganuwa. Ƙarfe huɗu na yamma ta same ka a masauki.

Shingayen 'yan sanda suna da yawa, yawanci a mashigar gari. Ka sauke gilashi, ka fara gaisuwa kafin a tambaye ka komai. "Muli bwanji, bambo?" in namiji ne, "amayi" in mace ce. Zai amsa, ya tambayi inda ka fito da inda za ka, wataƙila ya duba lasin da takardar da ke manne a gilashi, ya ɗaga maka ƙarfe. Ka ce "zikomo" ka wuce. Mutanen ƙasar masu sanyin hali ne, ba sa son hayaniya, kuma wanda ya ɗaga murya shi ke daɗewa a shinge.

Zangon farko shi ne Cape Maclear, wanda mutanen wurin ke kira Chembe da sunan ƙauyen. Kafin ka shiga Monkey Bay za ka karya, ka bi wata 'yar hanya ta kusan kilomita 20 cikin duwatsu da daji, gwaggon biri na zaune a bakin titi suna kallonka. Nan ne gandun Tafkin Malawi, wanda aka kafa a 1980, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1984, ba don giwa ko zaki ba, don kifi. Tafkin na da ɗaruruwan nau'in wasu ƙananan kifaye masu launi da babu su a ko'ina a duniya sai nan. Waɗanda ke zaune cikin duwatsu ana kiransu mbuna. Ka ajiye motar kwana uku, kada ka taɓa ta. Ka yi ciniki da mai kwale-kwale mai inji tun da yamma, ku tsayar da farashi da abin da ya ƙunsa, ka kuma ce sai da rigar kariya daga nutsewa. Da safe zai kai ka tsibirin Thumbi. Ka sa tabaron ruwa ka leƙa: shuɗi, rawaya, mai zane-zane, suna kai-kawo a tsakanin yatsunka, ruwan garau har ƙasa. A hanyar dawowa matuƙin zai yi fito da baki, ya jefa kifi sama, sai gaggafar ruwa mai farin kai ta taso daga kan bishiya ta sure shi daga saman ruwa. "Achimwene, ka shirya wayarka," haka zai ce maka, wato ɗan'uwa, kuma kafin ka shirya ta riga ta tafi da kifin.

Wannan ruwa mai kyau yana da cutar tsargiya, musamman a bakin ƙauyuka da wuraren da ciyawa ta yi yawa, inda dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar ke zama. Masu masauki wasu za su ce maka nasu bakin ruwan babu, kada ka dogara da wannan. Idan za ka yi iyo, ka yi a ruwa mai zurfi wajen tsibirai, ka goge jiki sosai da ka fito. Kada ka shiga ruwa da magariba ko kusa da bakin rafi, domin akwai kada da dorina a wasu wuraren. Matambayi ba ya ɓata, ka tambayi masunta.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Tuwon masara ne, nsima, da ganye da kifi. Sarkin kifin shi ne chambo, dangin karfasa, a gasa shi ko a soya. Akwai kampango, dangin tarwaɗa, mai tsoka. Akwai usipa, 'yan ƙanana da ake kamawa da dare. Masunta kan fita da fitilu a kwale-kwale don jawo su, da safe kuma a baza su a kan dogayen gadajen kara su bushe, warinsu ya cika ƙauyen. Ka nemi shinkafar Kilombero mai ƙamshi da ake nomawa a arewacin ƙasar. Nama ne ke son tambaya, domin masu suyar dankali a bakin titi wasu da naman alade suke haɗawa a kasko ɗaya. Amma kudancin tafkin ƙasar Yao ce, kuma mafi yawansu Musulmi ne. Daga Mangochi har Salima da Nkhotakota za ka riƙa ganin ƙananan masallatai a bakin hanya, da mahauta masu yankan halal. Abu ɗaya da zai ba ka mamaki: alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Wanda ya tashi da asuba ya fuskanci inda rana ke fitowa bisa sabo, Makka na hagunsa.

Daga Cape Maclear sai ka komo baya ka kama M5, hanyar bakin tafki, ka miƙe arewa. Senga Bay kusa da Salima wurin hutun mutanen Lilongwe ne, ranar Asabar da Lahadi cike yake. Kwana ɗaya ya isa, ko ka wuce. Nkhotakota ce ke son a tsaya. A ƙarni na 19 nan ne mazaunin Jumbe, ɗan kasuwar Sawahili da ya zo daga gaɓar teku ya kafa mulki, kuma daga nan ake loda bayi da hauren giwa a jiragen ruwa a tsallaka da su gabas, sannan a kora su a ƙasa har Kilwa da ke gaɓar teku. Ana nuna wata tsohuwar bishiya da aka ce a ƙarƙashinta Bature ɗan mishan David Livingstone ya zauna da Jumbe yana roƙonsa ya bar cinikin. Musuluncin garin ta wannan hanyar kasuwanci ya shigo, kuma Musulmin da ya tsaya a wurin ya kamata ya iya riƙe gaskiya biyun tare, ba ya ɓoye ɗaya. A yamma da garin akwai gandun dajin Nkhotakota, inda ƙungiyar African Parks ta kwaso giwaye kusan 500 daga gandun dajin Liwonde da na Majete a 2016 da 2017.

Gaba da nan hanya doguwa ce, gonakin rake na Dwangwa, gadoji masu ɗaukar mota ɗaya, sai ka tsaya na gaba ya wuce. Daga Kande zuwa Chintheche rairayin fari ne tas, mutane kaɗan, kuma a ganina nan ne ya fi daɗin zama a duk gaɓar. Idan ka hango wani abu kamar hayaƙi yana tashi daga tsakiyar ruwa, ba jirgi ne ke ci da wuta ba, wasu ƙananan ƙudajen tafki ne ke ƙyanƙyashewa miliyoyi. In iska ta koro su gaɓa mutane kan kama su su yi ƙosai da su. Kafin Nkhata Bay za ka ratsa gonar roba, yara na sayar da ƙwallon da suka naɗa da ɗanyen ƙaro. A Nkhata Bay kuma, in ka yi sa'a, za ka tarar da Ilala, jirgin ruwan da aka ƙera a Sikotlan, wanda ke jigilar mutane da kaya a tafkin tun 1951. Ka je ka kalli lodi ko ba za ka hau ba. Masu son zuwa tsibirin Likoma a nan suke barin mota, sai dai jirgin ba ya cika alkawarin lokaci, kada ka ɗaura komawarka gida a kansa.

Ƙarshen zagayen shi ne Livingstonia. Daga Nkhata Bay ka hau zuwa Mzuzu, ka cika tanki, ka bi M1 arewa har ta sake gangarowa bakin ruwa, ka isa Chitimba. Daga nan wata tsohuwar hanya ta duwatsu ke hawa, kilomita 15 ne kacal amma da kwana masu kaifi kusan ashirin, wasu sai ka ja da baya kafin mota ta juya. Ka yi oda kafin kowace kwana, kuma kada ka gwada ta in an yi ruwa. Wanda zuciyarsa ba ta ba shi ba, ya bar mota a ƙasa ya biya masu a-kori-kura. Mishan ɗin da ke sama a Cape Maclear aka fara kafa ta a 1875, zazzaɓi ya kashe mutanenta, suka koma Bandawe, can ma bai bar su ba, sai a 1894 shugabansu Robert Laws ya hau da su kan wannan dutse inda sauro bai da ƙarfi. Daga can sama za ka ga tafkin shimfiɗe, da duwatsun Tanzaniya a ƙetare in gari ya yi haske.

Komawa Lilongwe daga Mzuzu kusan kilomita 360 ne ta kan tudun Viphya da dajin Chikangawa da Kasungu. Yini guda ne cur, ka raba shi biyu in za ka iya, kuma ka dawo birni kwana ɗaya kafin jirginka. Ka mayar da mota da rana, ku sake zagaya ta da ma'aikacin, hotunanka na farko a hannu.

Saura aiki ɗaya bayan ka dawo gida. Idan ka taɓa ruwan tafkin, ko alwala ce ka yi a bakinsa, ka je asibiti bayan mako shida zuwa takwas ka gaya wa likita inda ka je, a gwada ka. Maganin tsargiya, praziquantel, ba ya kashe tsutsar sai ta girma, shi ya sa shan sa washegarin iyo ba ya wadatarwa. Ka rubuta ranar a wayarka tun kana can, kuma ka je ko ba ka jin ciwon komai.